Yadda Ake Saƙa Sulke da Hannu, Tun Daga Waya Har Zuwa Rigar Hawa

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe a Kano ya ga yadda kallo ke komawa kan 'yan sulke da 'yan lifidi da zarar sun kunno kai, domin ƙarfen da ke jikinsu yana walƙiya a rana, yana kuma bin motsin mahayi tamkar tufa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan riga aikin maƙera ce zalla, ta wuta da zugazugi da masaba. Gaskiyar magana ita ce wuta kaɗan ce a cikinta, mafi yawan aikin saƙa ce, kuma mai haƙuri da ke da filaya biyu da wurin zama mai haske zai iya fitar da rigar da za a sa a hau doki da ita.

Sulke ya daɗe a ƙasar nan. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kanawa. A 1823, lokacin da Baturen Ingila Denham ya doshi Kukawa, mahayan Shehu Laminu na Barno sun tarye shi sanye da riguna na sarƙar ƙarfe. Akasarin irin waɗannan riguna ta hamada ake kawo su daga Masar da sauran ƙasashen gabas, shi ya sa suke da tsada, ake gadonsu, ake yi musu faci shekara da shekaru. Tun kafin wannan duka, Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dauda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka tausasa masa ƙarfe, aka umarce shi da ya yi sulkuna yalwatattu kuma ya daidaita awon saƙarsu. Wannan daidaita awo shi ne abin da za a yi ta komawa kansa a kowane mataki na aikin, tun daga kaurin waya har zuwa faɗin hammata.

Kafin a sayi komai, sai a yanke shawara a kan irin sulken da ake so, domin iri biyu ne. Akwai mai haɗin baki, wanda ake gama bakunan kowane zobe kawai su taɓa juna, akwai kuma mai ƙusa, wanda ake ɗora baki ɗaya a kan ɗaya a huda a dasa ƙaramar ƙusa. Na biyun shi ne sulken yaƙi na ainihi, amma aikinsa ya ninka na farkon sau da yawa. Ga wanda bai taɓa yi ba, shawarata ita ce ya fara da mai haɗin baki, ya kammala riga guda, hannunsa ya faɗa. Sai dai ya sani cewa wannan rigar ta ado ce da hawa da wasan kwaikwayo. Tsinin wuƙa yana buɗe zobenta ya shige, harsashi kuwa ba a ma maganarsa, saboda haka kada wani ya sa ta ya ce abokansa su gwada shi kamar ɗan tauri.

Rigar ciki ita ce farko

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da ƙarfe. Ba a sa sulke a kan fata ko a kan 'yar shara, domin yana tsinke gashi, yana goge kafaɗa, kuma ko a zamanin yaƙi abin da yake tsarewa kaifi ne, nauyin duka kuwa abin da ke ƙarƙashinsa ne ke shanye shi. Don haka za a fara ɗinka taguwa mai shaƙe da auduga, 'yar'uwar lifidi amma ba ta kai shi kauri ba, sannan a auna sulken a kanta.

A samo yadi mai ƙarfi na auduga zalla, saƙi ko akoko mai kauri, a wanke shi a shanya tukuna don ya gama tsukewarsa. A yanka shi biyu-biyu, gaba da baya da hannuwa, a bar rara mai yawa, domin ɗinkin shaƙewa yana cinye faɗi fiye da yadda ake zato. Tsakanin yadin biyu a shimfiɗa auduga shaɓaɓɓiya daidai wa daida, sannan a bi da layukan ɗinki daga sama zuwa ƙasa, tazarar kamar santimita 3 zuwa 4, ana farawa daga tsakiya ana fita gefe don kada audugar ta taru wuri guda. Kaurin da ya kai kamar na ɗan yatsa ya isa, kuma a rage shi sosai a hammata da maƙoƙon gwiwar hannu, in ba haka ba hannu ba zai lanƙwasu ba. Magabata da audugar rimi suke shaƙe lifidi saboda rashin nauyinta, sai dai tana kama wuta nan take, abin da ya sa maharba kan harbi 'yan lifidi da kibiya mai wuta. Wanda ya zaɓi rimi ya kiyaye wannan, musamman a wurin hawa inda 'yan bindiga ke ta barin albarushi.

Waya da sandar naɗi

A nan ne rigar ke yin kyau ko ta lalace tun ba a saƙa zobe ko ɗaya ba. Abin lura shi ne dangantakar kaurin waya da faɗin ramin zobe. Ga sulke mai haɗin baki, ramin zoben ya kasance kamar ninki biyar na kaurin wayar. Idan ya wuce haka da yawa zoben ba shi da ƙarfi, nauyin rigar kaɗai zai buɗe shi. Idan ya gaza sosai saƙar za ta sandare, ta ƙi lanƙwasa, nauyi kuma ya yi yawa. Awon da na fi amincewa da shi shi ne waya mai kaurin milimita 1.6 a kan sandar ƙarfe mai santsi mai kaurin milimita 8.

Na koyi wannan ne da asara. Rigata ta farko da baƙar wayar nan ta ɗaure rodi na yi ta, wadda magina ke amfani da ita, na naɗa ta a kan rodi mai milimita 12 don aiki ya yi sauri. Ta yi kyau a rataye. Ranar da ƙanena ya sa ta ya yi sukuwa sau biyu, ya sauko kafaɗarsa ta hagu a yage, muka bi sawun dokin muna tsintar zobba a cikin ƙura kamar masu kalar gyaɗa. Wayar ta yi laushi, zoben ya yi faɗi, aikin wata uku ya tafi a yamma ɗaya.

Wayar da ta dace ita ce mai tauri wadda idan ka lanƙwasa ta ka saki sai ta ɗan yi tsalle ta dawo, irin farar wayar shinge mai rufin tutiya. Tana da araha, ba ta saurin tsatsa, aibinta shi ne tana barin toka-toka a hannu da tufafi, kuma ba a sa ta a wuta ko kusa, domin hayaƙin tutiya yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Akwai kuma wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ta fi kyau da ɗorewa, amma ta fi tsada, tana kuma gajiyar da hannu da cinye bakin almakashi. A kasuwa kada a dogara da lambar da mai shago ya faɗa, domin lambobin waya sun bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta. A tafi da ma'auni, ko a roƙi wani mai gyaran inji ya auna.

Lissafin yawa ba shi da wuya. Zobe ɗaya na wannan awo yana cin waya kamar santimita 3, nauyinsa kuma bai cika rabin giram ba, wato kilo ɗaya yana ba da zobba dubu biyu da ɗoriya. Rigar babban mutum mai gajeren hannu da ta sauka zuwa tsakiyar cinya tana iya cin zobba wajen 20,000, wanda ya kama waya mita 600, nauyi kusan kilo 10. A sayi kilo 12 a lokaci guda kuma daga ƙulli guda, domin wayar da aka ƙaro daga baya takan bambanta a launi ko tauri, kuma bambancin yana fitowa ɓaro-ɓaro a jikin riga.

Na'urar naɗin da kanka za ka haɗa ta. Katako ɗaya a kwance, biyu a tsaye a gefunansa, kowanne da rami daidai kaurin sandar. A zura sandar ta ramukan biyu, a lanƙwasa ƙarshenta ɗaya ya zama mariƙi kamar na injin markaɗe na hannu, a kuma huda ƙaramin rami a jikinta kusa da katakon farko inda za a soka bakin waya. Mai walda zai yi wannan cikin ɗan lokaci. Sauran kayan su ne filaya biyu masu faffaɗan baki, da almakashin yanka waya mai ƙarfi, da safar hannu ta fata, da tabarau na kare ido, da kwanoni uku na zuba zobba. Idan haƙoran filayar suna da kaifi a ɗan goge su da magagari don kada su yi wa zobba tabo.

Naɗi da yanka

A soka bakin waya a ramin sanda, a riƙa juya mariƙin da hannu ɗaya, ɗaya hannun mai safa yana danne wayar yana jagorantarta, kowane zagaye ya kwanta manne da na bayansa ba tare da ya hau shi ba. Idan aka bar tazara tsakanin zagaye da zagaye, zobban za su fito ba girma ɗaya ba. Wuri mafi haɗari shi ne ƙarshe: wayar da aka naɗa tana riƙe da ƙarfi, idan aka yanke ta haka nan jelarta za ta warware ta yi bulala, kuma ta kan tsaga yatsa ko ta nufi ido. A sassauta mariƙin a hankali ya koma baya da kansa, sannan a yanke. Wasu suna ɗaura injin huda na lantarki a sandar don sauri. Ban hana ba, amma na ga yadda waya ke kama safa ta ja yatsa cikin naɗin kafin mutum ya saki maɓalli, don haka sabon shiga ya tsaya a kan juyin hannu.

Abin da ya fito daga sandar dogon murɗi ne kamar sifirin. Yanka shi ne ke mai da shi zobba, kuma ingancin yankan ne ke nuna ko bakin zoben zai haɗu. Almakashi idan ya datse waya gaba ɗaya yana matse bakin ya bar shi da tsini biyu, waɗanda ba sa haɗuwa sosai. Dabarar ita ce a ɗan cije wayar da bakin almakashin har ta yi zane, sannan a murɗa gefe ta karye, sai bakin ya fito kusan a shafe. Zarto siriri irin na maƙeran farfaru ya fi wannan tsabta, amma yana da jinkiri kuma yana yawan karyewa a waya mai tauri. Kowace hanya aka bi, a riƙa yanka a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, kuma duk zoben da ya fito a karkace a jefar da shi ba tare da tausayi ba.

Daga nan sai a raba zobban kashi biyu, rabi a rufe, rabi a buɗe. Ba a buɗe zobe ta hanyar jan bakunansa su rabu, domin hakan yana ɓata da'irarsa kuma ba ta dawowa. Ana kama shi ne da filaya biyu, tsagar tana sama, a murɗa hannu ɗaya zuwa gaba ɗaya zuwa baya. Wajen rufewa a dawo da su ana ɗan tura su ciki, a wuce daidai kaɗan sannan a komo, har a ji bakunan sun gogi juna sun yi ƙas. A shafa da yatsa: idan an ji kaifi, ko an ga haske ta tsagar, bai rufu ba. Zobe ɗaya mai buɗaɗɗen baki shi ne zai riƙa kama zaren rigar ciki, kuma ta nan yagewa ke farawa.

Saƙar kanta

Ƙa'idar guda ce: kowane zobe yana ratsa huɗu, biyu a layin sama, biyu a layin ƙasa. A ɗauki buɗaɗɗe ɗaya, a zura rufaffu huɗu a cikinsa, a rufe, a shimfiɗa a tebur, na tsakiya a tsakiya, biyu a samansa, biyu a ƙasansa. A ɗauki wani buɗaɗɗen, a zura shi ta cikin biyun da ke gefen dama, wato ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, a ƙara masa rufaffu biyu a rufe. Idan aka ci gaba haka za a sami ɗamara mai layi uku, kuma za a lura cewa layin sama da na ƙasa sun kwanta sun fuskanci gefe guda, na tsakiya ya kwanta ya fuskanci ɗaya gefen. Wannan saɓanin kwanciya shi ne alamar saƙa daidai, kuma duk inda ido ya ga zobe ya tashi tsaye ko ya juya wa 'yan layinsa baya, to an yi kuskure a wurin, a kwance tun bai yi nisa ba.

Da farko abin yana rikicewa a tebur, yana tattarewa kamar hanjin kaza. Maganinsa shi ne a zura layin sama a cikin siririyar sanda ko igiya a ɗaure ta a miƙe, saƙar ta rataya. Wajen ƙara faɗi kuwa akwai hanyar da ke ba da layi biyu a tafiya ɗaya. Buɗaɗɗen farko ya ratsa zobe na ɗaya da na biyu na layin ƙarshe, a ƙara masa rufaffu biyu. Buɗaɗɗe na gaba ya ratsa na biyu da na uku, ya ratsa ɗaya daga rufaffun da aka sa yanzu, a ƙara masa sabon rufaffe ɗaya tak. Haka har ƙarshen layi.

Akwai abin da dole a gane tun yanzu, domin wanda ya kuskure shi sai ya kwance riga sukutum. Saƙar tana buɗewa tana tsukewa ta fuska ɗaya kawai, wato ta tsawon layukan. Wannan fuskar ita ce za ta zagaye jiki, layukan su kwanta a gicciye kamar ɗamara, ta yadda nauyin rigar zai sa zobban su matsu da juna su bi siffar mai ita, idan kuma ya ja numfashi ko ya sunkuya su buɗe masa. Idan aka rataya ta ɗaya fuskar, za ta tsaya a buɗe kamar raga, ba ta bayarwa ko kaɗan, kuma zobban za su riƙa ɗaukar nauyin da zai buɗe su.

A saƙa gwaji mai santimita 10 a kowane gefe, a ƙirga zobbansa, a duba minti nawa ya ci. Da wannan mutum zai san ainihin abin da ke gabansa. Ni hannuna bai cika wuce zobe 200 a awa ba, wanda ke nufin saƙa kaɗai za ta ci awa ɗari, ban da naɗi da yanka da buɗewa da rufewa. Wanda ke da awa biyu kullum bayan sallar isha'i ya sa ran wata uku zuwa huɗu. A riƙa hutar da hannu, domin ciwon wuyan hannu ya fi ƙarewar waya dakatar da masu wannan aiki.

Fitar da siffar riga

A sa rigar ciki, a auna ƙirji a inda ya fi faɗi, a ƙara santimita 20 zuwa 25. Wannan shi ne tsawon ɗamarar farko idan an ja ta ta buɗe. Rarar ba almubazzaranci ba ce, ita ce za ta bari kafaɗu su shige wajen sawa da tuɓewa. A haɗa bakin ɗamarar biyu ta zama da'ira, a tabbatar ba ta murɗe ba, a ƙara mata layuka har ta kai faɗin tafin hannu biyu. Matsayinta a jiki ƙasa da hammata ne da kamar yatsa huɗu.

Daga wannan da'ira a gina sama, bango ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a bar gefuna a buɗe don hannuwa. Bayan mutum ya fi gabansa bukatar wuri, domin hannu gaba yake miƙawa ya kama linzami, don haka a nan ake fara ƙari. Ƙari shi ne a saka zobe na musamman wanda ya ratsa ɗaya kawai a layin da ya gabata maimakon biyu, layin da ke biye kuma ya ɗauke shi kamar kowane zobe, sai layin ya ƙaru da ɗaya. Ragi kishiyarsa ne, zobe ɗaya ya ratsa uku. Tun da a wannan sashe daga ƙasa ake hawa sama, za a yi ƙari yayin da ake tunkarar allon kafaɗa, a yi ragi yayin da ake tunkarar wuya. A warwatsa su, ɗaya a kowane layi uku ko huɗu, hagu da dama daidai, kada a tara su wuri ɗaya su yi ƙulli.

Wajen haɗa gaba da baya a saman kafaɗa za a tarar layukan ƙarshe biyu sun saɓa a kwanciya, layin haɗi ya ƙi zama. Ba kuskure ba ne, haka lissafin yake. A ƙara layi ɗaya a bangon baya, sai su dace. Ramin wuya a bar shi ƙarami, a yi masa tsaga a gaba mai tsawon tafin hannu wadda za a ɗaure da igiyar fata, domin wuya mai faɗi yana zamewa ya tara nauyi a gefen kafaɗa. Tsofaffin riguna na gabas sukan zo da kwala a tsaye wadda aka zura tsirkiyar fata ta cikin layukanta don ta miƙe, kuma baduku zai yanka maka irinta ba wuya.

Hannuwa ci gaban layukan kafaɗa ne, ana tsawaita su waje har kusa da gwiwar hannu, sannan a rufe ta ƙasa. Hammata ita ce jarrabawar aikin duka, domin a nan layukan hannu ke karo da na jiki a gicciye, kuma ƙa'idar huɗu ba ta cika zama daidai. Kada a rufe ta a tebur. A sa wa mai rigar, ya ɗaga hannunsa sama kamar mai jinjina da mashi, a ga girman gibin da ya buɗe, a cike shi da ɗan faci mai kusurwa huɗu. Idan aka rufe hannu yana ƙasa, duk lokacin da ya ɗaga hannu rigar gaba ɗaya za ta taso, ko zobban wurin su fashe.

Sauran aikin sauka ne. A yi ragi kaɗan zuwa ƙugu, a yi ƙari daga ƙugu zuwa ƙasa don cinyoyi su sami wuri. Tun da rigar ta hawa ce, a tsaga ta gaba da baya daga ƙasan mara zuwa gindi, ta yadda za ta rabu ta sauka gefe-gefen sirdi maimakon ta tattare a kan kwacciya. Wanda ke son ado ya rufe bakin hannu da gindin riga da layi biyu ko uku na zobban farin ƙarfe mai ruwan zinariya ko na jan ƙarfe.

Ga mai son na ƙusa

Abin mamaki, baƙar wayar nan mai laushi da ta kunyata ni ita ce ta dace a nan, domin ƙarfin zoben daga ƙusarsa yake, kuma ana iya amfani da waya siririya rigar ta fi sauƙin nauyi. Ana yanka zobban da rarar milimita 3 zuwa 4 don bakunan su hau juna, a zura su a waya a sa a garwashin gawayi har su yi ja, a binne su a toka su huce a hankali. Sannan a ɗora kowanne a kan uwar maƙera a daki mahaɗin ya baje, a sake gasawa, a huda ramin kamar milimita 1 a tsakiyar bajajjen wurin. Ƙusar guntuwar waya ce da ta fi siranta, ana dasa ta bayan an saƙa zoben a wurinsa, a matse da awartakin da aka yi wa ɗan gurbi a baki don kan ƙusar ya dunƙule. Kawunan ƙusoshin duka su fuskanci waje. Masu sulke na da sukan rage wahala ta hanyar sa layi ɗaya na ƙusa, layi ɗaya na zobban da aka huda daga farantin ƙarfe marasa tsaga, kuma siraran washa na ƙarfe da ake sa wa noti za su iya tsayawa a matsayinsu idan awonsu ya dace.

Kwalkwali

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ɓangarori huɗu. A auna kai a kan hula mai shaƙe da auduga, a yi da'irar ƙarfe mai faɗin yatsa uku daidai wannan awo, a gicciya wasu maɗaura biyu a samanta, ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ɗaya daga kunne zuwa kunne. Gurabe huɗu da suka rage a fara gwada su da kwali, sannan a yanka su a farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5. Ana kumbura kowane ɓangare ne a kan kututturen da aka fafe, ko tsohon turmi mara zurfi, da guduma mai zagayayyen kai, ana dukan daga gefe ana zagayawa zuwa tsakiya. A haɗa da ƙusoshi daga ciki, a goge duk wani kaifi, a ɗinka hular a ciki, a sa maɗaurin haɓa na fata. Ragowar zobba a saƙa labule da su a rataya daga kunne zuwa kunne ta ƙeya. Gashin jimina da jan mulufi kuwa sai yadda gidan da za a yi wa hawa ya saba.

Sawa da ajiya

Ana sa sulke ne a sunkuye, hannuwa su fara shiga, sannan kai, a miƙe ya zubo da kansa. Tuɓewa ma a sunkuye ake yi, a kwance igiyar wuya, a duƙa sosai a girgiza kafaɗu ya sulale ƙasa, kuma mai gemu ya rufe shi da ƙyalle tukuna. Ɗamarar fata mai faɗi wajibi ce: a ɗaure ta tamau, a ɗan jawo rigar sama ta yi lanƙwasa a kanta, sai ƙugu ya karɓi nauyin ƙasan rigar, kafaɗa ta huta. A yi yawo da ita a gida na wasu kwanaki ana duba kafaɗa da hammata da saman tsaga, a nan ne zobba ke fara buɗewa. Idan hawan ya faɗo a bazara a ɗora riga mara nauyi a kai, domin ƙarfen da ya sha rana yana ƙuna, kuma ranar hawa a tafi da filaya biyu da zobba kamar hamsin a aljihun wanda zai riƙe doki.

Bayan hawa a shanya rigar ciki daban, domin gumi shi ne babban mai kawo tsatsa. Sulken farar waya wanki da sabulu ya ishe shi, a shanya a rana ya bushe ƙarau, kuma kada a kusanta shi da ruwan tsami ko lemon tsami, suna cinye rufin tutiyar. Na baƙin ƙarfe idan ya yi tsatsa a zuba shi a jarka da busasshen yashi, a rufe a yi ta mirgina ta a tsakar gida, aikin da yara ke karɓa da murna, sannan a kakkaɓe a shafa masa man keken ɗinki kaɗan. Man gyaɗa ba ya yi, yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura. A naɗe rigar a tsohon buhun algarara ko yadi mai ɗan maiƙo, a ajiye ta a kan katako nesa da ƙasa, a kuma buɗe ta a duba sau ɗaya a tsakiyar damina.